Na raka gahawata lab a Kano

Motar Zariya zuwa Kano ba ta cika da wuri ba ranar, muna zaune a tasha ana ta kiran saura mutum ɗaya alhali kowa na ganin kujeru biyu babu kowa, ni kuma ga jaka a cinya na hana kwandasta ya jefa min ita a but saboda abin da ke ciki. Garin gahawa ne. Wani abokina direban babbar mota ke taho min da 'ya'yan daga Gembu, can saman tsaunin Mambila a jihar Taraba, ni kuma in soya in niƙa in zuba a 'yan robobi ina tallatawa a WhatsApp, ba wata babbar sana'a ba ce, ta rage zafi ce kawai. Ƙamshin kuwa ba ya ɓoyuwa, ko Tashar Yari ba mu kai ba wani dattijo a gefena ya ce ɗan nan turaren wuta kake sayarwa ne?

Abin da ya tashe ni tambayar kwastomomi ce. Kowa sai ya ce yaya ƙarfinta, za ta hana ni barci, ta kai Nescafé? Mai hawan jini ya tambaya, mai juna biyu ta turo mijinta ya tambaya, ni kuma ba ni da amsa sai ta fatar baki. To ɗan yayata yana digiri na biyu a fannin kemistiri a Kano, aikin binciken da aka ba shi kuma shi ne auna kafeyin, sinadarin nan mai hana barci, a cikin abubuwan da mutanen gari ke sha, shi ne ya kira ni ya ce Kawu ka taho da taka mu sa ta a layi, ranar da za a ba mu na'ura ta kusa.

Hanya dai kun san ta, Kwanar Ɗangora, Ciromawa, Kadawa da gonakin shinkafa kore shar hagu da dama, Kura, sai ga 'Yan Lemo a Na'ibawa da tulin kankana a bakin titi. Na sauka Unguwa Uku na tare adaidaita sahu zuwa gidan Yaya a Ɗorayi.

Washegari yaron ya ja ni yawon tara samfur. Muka fara da kasuwar Singa, wadda in ka shiga da hantsi to sai ka riƙe aljihunka da ƙafarka duka, tirela na sauke kaya, masu baro na ihun hanya hanya, 'yan dako ɗauke da katan har sun fi kansu tsawo. Nan muka sayi gahawar gwangwani da ta leda kala-kala, har da wata da aka rubuta an cire mata kafeyin, wadda sai da muka sha yawo kafin mu samu, mai shagon ma ya ce ba ta tafiya, wa zai sayi gahawar da ba ta hana barci. A nan yaron ya fara karanta min karatu muna tafe muna kauce wa baro. Ya ce gahawar duniya kusan duk iri biyu ce, arabika da robusta. Arabika mai son tudu da sanyi ce, shi ya sa take yi a Mambila, kafeyin ɗin da ke cikin 'ya'yanta wajen kashi 1.2 cikin ɗari ne na nauyinsu. Robusta kuwa tana jure zafi da ƙwari, ta fi araha, nata ya kai wajen kashi 2.2, kusan ninki biyu kenan, kuma yawancin gahawar nan mai narkewa nan take da ita ake yi. Na ce to tawa ce mai tsada kuma ita ce mai rauni kenan? Ya ce Kawu ka bari na'ura ta yi magana.

Daga nan sai Mariri a hanyar Maiduguri, kasuwar goro, don malaminsa ya ce ba a maganar kafeyin a Kano a tsallake goro, kuma wallahi ya yi gaskiya. Wurin nan ya burge ni fiye da ko'ina a tafiyar. Huhuna jibge a rumfuna an naɗe su da ganye, yara na yayyafa ruwa, dattawa zaune kan tabarma suna tsince mai tsutsa suna ware fari da ja, ana ƙirgawa ƙwarya-ƙwarya, ƙwarya ɗaya goro ɗari. Wani Alhaji da muka tsaya wajensa ya ce yanzu yawanci daga ƙasar Yarabawa ake kawowa, su Shagamu da Ondo, wani kuma daga Gana, amma da can sai an yi watanni a hanya da jakuna zuwa Gwanja, ayari guda ƙarƙashin madugu, a kai kanwa da tufafin rini a dawo da goro. Ko Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955 yana cikin manyan attajiran Afirka ta Yamma, da fataucin goron nan ya fara kafin gyaɗa. Da yaron ya ce masa za mu auna abin da ke hana barci a ciki ne sai ya yi dariya ya ce ku 'yan boko ba ku rasa abin yi, ya ba mu daushe da sabon goro, ya ƙara mana biyu kyauta wai na malaminku.

Da yamma muka biya Fagge wajen wani tsoho mai dafa gahawa irin ta Larabawa a kan gawayi, da citta da kanumfari, yana zubawa a 'yan finjalai. Baƙa ƙirin, ɗaci kuwa har cikin kunne. Mutanen da ke zaune wajensa duk sun yarda cewa duk garin babu mai ƙarfinta, hujjarsu ɗacin. Tsohon ya san tarihinta ma, ya ce asalin itacen daga Habasha ne, kuma sufayen Yaman ne suka fara shan ta don su raya dare da zikiri, wanda haka yake, tun ƙarni na 15. Muka ɗura kaɗan a kwalba. Bayan isha kuma muka tsaya teburin wani mai shayi a titin gidan Zu inda direbobi da ɗalibai ke cewa a zuba musu Nescafé biyu, shi kam da ya ga yaron ya fito da kwalba da maka yana rubutu a jiki sai ya tsaya cak da ludayi a hannu ya ce Malam ko daga NAFDAC kuke? Da ƙyar muka lallashe shi, sai da na ci indomi da ƙwai a wajensa tukuna hankalinsa ya kwanta.

Lab ɗin, wato ɗakin gwaje-gwajen, yana cikin wata jami'a, ɗaki ne madaidaici mai sanyin esi har sai da na yi da-na-sanin rashin zuwa da rigar sanyi, ga wata ƙara ƙasa-ƙasa da ba ta tsayawa. Mai kula da na'urar wani bawan Allah ne mai furfura kaɗan a gemu, kowa Malam yake ce masa, ya ba ni farar riga ya ce kar in taɓa komai kar in jingina da komai. Su mas sifek suke ce wa na'urar, aikinta auna nauyin ƙwayoyin sinadari ɗaya-ɗaya, ta faɗa maka wane ne wannan kuma nawa ne a ciki. A ido ba ta da wani kwarjini, akwatuna ne masu ruwan toka a kan benci da kwalabe a sama da siraran bututai suna shiga suna fita, sai kwamfuta a gefe. Ƙarar nan ta famfon da ke zuƙe iska daga cikinta ce, don ƙwayoyin da ake aunawa ba sa son cin karo da iska a hanya.

Abin da ba wanda ya gaya min shi ne yawancin aikin ba a jikin na'urar yake ba, a benci yake, kuma aikin haƙuri ne. Yaron ya auna garin kowane samfur a wani sikeli mai ƙofar gilashi wanda ko numfashi ka yi kusa da shi lamba sai ta motsa, ya zuba ruwan zafi, ya bari ya huce, ya sa a wata na'ura mai juyawa da gudu har dusar ta kwanta a ƙasa, ya zuƙo ruwan sama da sirinji ya tura ta cikin wata 'yar matata. Goron kuma sai da aka busar aka daka. Sai kuma sirki, ya ɗebo ɗigo ya sirka, ya ɗebo daga sirkin ya sake sirkawa, har abin ya koma ruwa fari tas, na ce kai yaro ai ka kashe gahawar, me ya rage a nan? Malam ya ce ai in aka ba ta gahawa yadda kake shan ta sai ta ƙoshi ta kasa ƙirga, kuma a kwana ana wanke ta, ita abin da ta saba da shi ɗan mitsitsi ne.

Akwai wata dabara da ta tsaya min a rai. A kowace 'yar kwalba sai ya ɗiga wani kafeyin na musamman da aka sayo, wanda aka sauya ƙwayoyin kabon uku na jikinsa da kabon mai ɗan nauyi, kabon-13. Halinsa ɗaya da kafeyin na gaske, duk inda wancan ya bi shi ma zai bi, duk abin da ya zube a hanya tare za su zube, amma a awo ya fi shi da uku. Tunda an san adadin da aka ɗiga, in aka ga nawa ya isa ƙarshe sai a san nawa aka yi asara, a gyara lissafi. Sannan ga wasu kwalaben da aka haɗa da tsantsar kafeyin, daga mai kaɗan zuwa mai yawa, su ne ma'aunin da za a gwada sauran da su. Na leƙa robar tsantsar, farin gari ne fat, ba baƙi ba, ba ƙamshi. Wani Bajamushe mai suna Friedlieb Ferdinand Runge ne ya fara ware shi daga 'ya'yan gahawa a 1819.

Da aka jera kwalaben a tire sai wata allura ta riƙa zuwa da kanta tana zuƙa. Ruwan yana fara bi ta wani siririn bututun ƙarfe da bai kai tsawon biro biyu ba, cike da wani gari mai riƙe sinadarai, wani ya riƙe shi sosai wani ya sake shi da wuri, ta haka ɗaruruwan abubuwan da ke cikin gahawa suke fitowa bi da bi maimakon su fito a cakuɗe, kuma kafeyin yana da lokacinsa da ba ya saɓawa. Daga nan sai ruwan ya fito ta bakin wata allura da aka sa wa wutar lantarki ta dubban bolt, ya tarwatse ya zama feshi, iskar naitirojin mai zafi ta busar da shi, ƙwayoyin su rage tsirara ɗauke da caji. Wannan dabarar feshin ita ta ba wani Ba'amurke John Fenn kyautar Nobel a 2002, yana da shekara 85. Nauyin ƙwayar kafeyin 194 ne a ma'auninsu, a jikinta akwai kabon guda 8, haidirojin 10, naitirojin 4, oksijin 2, in ta ɗauki cajin nan sai ta ƙaru da ɗaya ta zama 195.

Na ce Malam to ta yaya ake auna nauyin abin da ido ba ya gani? Ya ce ka taɓa ganin mata na shiƙar gero? Iska ɗaya ce ke bugun komai, amma ƙaiƙayi ya yi nisa, tsaba ta faɗo kusa, daga inda abu ya faɗi ka san nauyinsa. Ya ce na'urar farko da Francis Aston ya ƙera a Kambirij ta Ingila a 1919 kusan haka take, sai dai wutar lantarki da maganaɗisu ne a madadin iska. Ta zamani irin tasu kuma sanduna huɗu ne na ƙarfe da ake kaɗa wa lantarki yadda mai nauyin 195 kaɗai zai iya ratsawa ta tsakaninsu, sauran duk su bugi sanda su mutu a nan. Bai ƙare ba, don wani abin daban ma zai iya yin 195, sai a sa waɗanda suka wuce su yi karo da wata iska su farfashe, kafeyin in ya fashe yana ba da ɓari mai nauyin 138, shi ake ƙirgawa. Wato sai abu ya fito a lokacin kafeyin, ya yi nauyin kafeyin, ya kuma fashe irin fashewar kafeyin kafin a yarda da shi. Na ce ko kotu ba ta neman shaidu haka.

Muna cikin haka aka ɗauke wuta. Fitilu suka ɗan lumshe inbata ta karɓa, amma Malam ya miƙe tsaye bai zauna ba sai da ya ji janareto ya tashi. Ya ce na'urar nan ba a kashe ta dare da rana, in famfon ya tsaya iska ta koma ciki sai an yi sa'o'i da yawa, wani lokaci kwana, kafin ta dawo daidai, in an yi rashin sa'a kuma wani abu ya ƙone to sai an jira daga waje da kuɗin dala. Ruwan da ake wanke bututun da shi ma, metanol mai tsabta na musamman, daga waje yake zuwa. Shi ya sa ɗalibai ke bin layi wata da watanni. Kuma ya faɗa min gaskiya, ya ce don gahawa kaɗai ba sai an taso wannan ba, akwai na'ura mai araha da ke aunawa da haske kuma ta wadatar, amfanin mas sifek yana fitowa ne inda abin ya yi ƙanƙanta ƙwarai, kamar a jini ko fitsari ko ruwan kogi. 'Yan wasan tsere kafin 2004 in aka samu fiye da maikirogiram 12 a kowace mililita ta fitsarinsu hukunci ne, daga baya aka cire kafeyin daga jerin haramtattu. A ƙasashe da dama kuma in ana son a gane ko ruwan masai na malala cikin kogi kafeyin ake nema, tunda ba kifi ne ke shan shayi ba. Na ce to ku ɗebo ruwan Jakara mana, ya ce wannan sai ya toshe masa bututu.

Sai can bayan la'asar sakamako ya fara fitowa a sikirin, layi ne a kwance sai ya yi tsini sama ya sauko, girman tsinin shi ne yawan abin. Giram da giram, garin gwangwani mai narkewa ya fi tawa nesa, don shi dama gahawa ce da aka riga aka dafa aka busar, ga shi kuma robusta. Amma da yaron ya mayar da lissafin zuwa kofi sai labari ya canja, saboda shi ƙaramin cokali ɗaya ake zubawa, wajen giram 2, tawa kuwa sai an zuba kusan giram 10 kafin a samu kofi mai kyau, sai ga shi kofin tawa ya kamo shi har ya ɗan wuce. Wannan ya yi daidai da abin da aka sani, kofin dafaffiyar gahawa yana kai wa miligiram 95, na mai narkewa kuma wajen 60. Na mai shayin titin gidan Zu kuwa hannunsa ne ma'auni, wanda ya ce a zuba biyu ya sha biyu.

Ta tsohon Fagge mai ɗacin nan ba ta zo ta ɗaya ba, tsakiya ta tsaya. Malam ya ce ɗacin gahawa kaɗan ne daga cikinsa yake na kafeyin, yawancinsa daga wasu sinadarai ne da ke samuwa wajen suya, in ka ƙona 'ya'yan sosai ɗaci zai ƙaru amma kafeyin yana nan kusan yadda yake, wuta ba ta cika taɓa shi ba. Harshe dai ba ya iya wannan awon, duk mai ce maka wannan ta fi ƙarfi don ta fi baƙi ko ta fi ɗaci, launi da ɗaci kawai ya auna. Wadda aka ce an cire mata kafeyin ma ta yi ɗan tsininta ƙarami, ba a iya cirewa tas, 'yan miligiram kaɗan kan rage a kofi.

Goro kuwa, tab. Tsininsa ya fito a daidai lokacin da na gahawa ya fito, 195 ɗin nan, 138 ɗin nan, babu bambanci ko na sisi, kuma busasshen goro yana ɗauke da wajen kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari, wato ya fi arabikata. Ya zo da ɗan rakiya ma, wani sinadari tiyoburomin mai fitowa a 181, wanda shi ne mai yawa a cikin koko. Ni abin da ya ba ni dariya, dattawan da ke yi wa yara faɗa a kan shan gahawa wai tana busar da jini, su ne goro ba ya barin bakinsu daga asuba har isha.

Kafin mu fito na sa yaron ya rubuta min abin da zan riƙa gaya wa kwastomomi. Hukumar kula da lafiyar abinci ta Tarayyar Turai a 2015 ta ce baligi mai lafiya kar ya wuce miligiram 400 a yini, mai juna biyu kuma 200, kuma lissafin na komai da komai ne, ba gahawa kaɗai ba. Gwangwanin Red Bull na mililita 250 yana da 80, ƙwayar Panadol Extra ɗaya tana da 65, ga shayi, ga lemon kwalba baƙi, ga goro. Jiki kuma yana ɗaukar wajen awa 5 kafin hanta ta rage rabin abin da ka sha, wanda ya sha 100 da ƙarfe 4 na yamma to ƙarfe 9 na dare da sauran 50 a jininsa, a mai ciki ya fi haka daɗewa sosai, a mai shan taba kuma ya fi saurin fita. Ba ƙarfi yake ƙara maka ba ma, akwai wani sinadari adinosin da ke taruwa a ƙwaƙwalwa yana sanar da ita an gaji, shi kafeyin zuwa yake ya zauna a mazauninsa ya hana saƙon isa, gajiyar na nan tana jiranka. Mai hawan jini dai na ce zan riƙa tura shi wajen likitansa, ni ba zan ɗauki wannan alhakin ba.

Da daddare a tsakar gida muna cin tuwo na kwashe labarin goro na gaya wa surukar Yaya, Hajiya, wadda ke da 'yar robar goronta da jiƙaƙƙen tsumma a kai kullum a gefen tabarma. Na ce Hajiya ashe ni da ke sana'armu ɗaya, abin da ke cikin gahawata shi ne a cikin goronki. Ta ce Allah ya kiyaye, ita ba ta taɓa shan wannan baƙin ruwan ba kuma barcinta lafiya lau, Yaya daga kicin ta ce Hajiya ke da kike kunna rediyo ƙarfe biyun dare? Aka yi ta dariya, ita ko a jikinta. Can ta kira jikan nata ta ce zo nan kai mai na'ura, tsakanin daushe da sabon goro wanne ya fi? Ya ce Hajiya ai sai na gama lissafi, kuma goro biyu ba sa isa a yanke hukunci, sai an auna da yawa. Ta ce to ka auna da yawan, mai kawo mata goro ya shekara yana ƙara mata kuɗi a kan daushe yana cewa ya fi kama jiki, in ƙarya yake tana son ta ji kafin ranar Juma'a da zai zo karɓar kuɗinsa.